Bashin Thiaroye

Duk Disamba ta kama, sai a sake ɗauko zancen Thiaroye. Za a ajiye furanni a maƙabarta, manya su yi jawabi, kowa ya kama gabansa. Abin da ke ci mini rai shi ne ana ta musu kan yawan gawa, an bar maganar kuɗin da aka kashe mutanen nan a kansa.

Samari ne Faransa ta ɗebo daga ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma, ta sa su aikin soja. Sunan Senegal kawai aka liƙa wa rundunar, amma har da 'yan Mali da Gini da Burkina Faso ta yau a ciki. Da Jamus ta murƙushe Faransa a watan Yunin 1940, aka kama su. Turawan da aka kama an wuce da su Jamus. Baƙar fata kuwa 'yan Nazi ba su so su zauna a ƙasarsu ba, sai aka tsare su a sansanoni cikin Faransa, suna aikin ƙarfi a gonaki da dazuzzuka. Léopold Senghor, wanda daga baya ya shugabanci Senegal, shi ma ya ɗanɗani wannan ɗauri kafin a sake shi a 1942. Daga 1943, Faransawa ne ma ke gadin wasunsu, wato mutanen da suka bar gida don su kare.

Shekara huɗu a haka. A Nuwamban 1944 aka zuba fiye da 1,200 a jirgin ruwa daga Morlaix zuwa Dakar. Tun a can wasu suka ƙi shiga jirgi sai an biya su. Waɗanda suka yarda da alkawari suka sauka a sansanin Thiaroye, suka nemi ragowar albashinsu da kuɗin sallama. Suka ce ba za su watse zuwa ƙauyukansu hannu rabbana ba. Ka duba mutumin da uwarsa ta riga ta fidda rai da shi, ga shi ya tako ƙasar Afirka da ƙafarsa, saura ya hau jirgin ƙasa ya isa gida. Da safiyar 1 ga Disamba aka kewaye su, aka buɗe musu wuta.

Faransa ta ce mutum 35 suka mutu, daga baya aka koma 70, masana tarihi na cewa ɗaruruwa ne. Cikin waɗanda suka tsira aka gurfanar da 34 da sunan bore, wasu aka yanke musu shekara 10. An sake su a 1947, ba tare da an wanke su ba.

Za a ce ai Shugaba Macron na Faransa ya kira abin kisan kiyashi a wata wasiƙa a 2024. Ya kira, sai me? Biram Senghor, ɗan M'Bap Senghor da aka kashe a wurin, ya haura tamanin yana bin haƙƙin mahaifinsa a kotu. Ƙasar da ta daskarar da fanshon tsoffin sojojinta na Afirka a 1959, ta bar su da abin da bai taka kara ya karya ba shekara da shekaru, ba wasiƙa ce za ta sauke mata wannan nauyi ba. Ta fito da takardun kisan, ta biya magada.

Mu ma kada mu yi saurin wanke hannu. Kun sha jin bakina kan tsoffin sojojinmu da ke shimfiɗa tabarma a bakin ma'aikata a Abuja suna neman kuɗin sallama, wasu da sanda, wasu da tabon harsashin Laberiya ko Sambisa. Su ba Bature ya hana su ba. Ɗan'uwansu ne yake zaune a ofis, fayil ɗinsu na kan teburinsa, yana ce musu su dawo gobe.