Ciwon da ba ya shiga katin asibiti

Matar da ta gudo daga ƙauyen bakin dajin Rugu ta sauka a garin Batsari ba za ta ce wa ma'aikacin lafiya tana da difireshan ba. Cewa za ta yi kanta na sarawa, ƙirjinta ya yi nauyi, dare ya raba ba ta runtsa ba, ko ƙarar babur ta ji sai gabanta ya faɗi. Shi kuwa a makaranta da Turanci ya haddace sunan ciwon, don haka kunnensa bai kama ba. Sai ya rubuta mata maganin zazzaɓi da farasitamol, ya kira na gaba.

Alhali dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sulhun da gwamnatin Katsina ta Gwamna Masari ta yi da 'yan bindiga a 2019 bai je ko'ina ba. A Fabrairun 2020 aka kashe kimanin mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin Batsari, a Afrilu kuma 47 a Safana da Dutsinma da Ɗanmusa. Waɗanda suka binne su suna nan da ransu, wasu sun bar gonakinsu, kuma abin da suke samu daga jama'a shi ne "a yi haƙuri".

A Koriya, likitoci ba su jira mata su koyi kalmar Turanci ba. Sun ɗauki sunan da matan ke kiran ciwonsu, hwabyung, wato fushin da aka danne har ya zama zafi a ƙirji, suka yi bincike a kansa, har ya shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 1994. A Zimbabwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a benci a harabar asibiti, suna sauraron masu fama da yawan tunani a harshen Shona.

Shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ɗan jihar nan, ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta mahaukata ta 1958. Amma doka a Abuja take. Hukumar lafiya a matakin farko ta Katsina za ta iya farawa da abu mai araha: a koya wa ma'aikatan Batsari da Safana su riƙa tambaya da Hausa, "Baba, kina barci kuwa? Wa kika rasa?", a kuma nuna musu inda za su tura wanda abin ya fi ƙarfinsu.