Baƙon malami baƙon gari ne

Ga watan Disamba ya kama, sanyi ya sauko, hazo ya rufe sararin sama. Da an gama shagalin ranar 18 ga wata, ranar Jamhuriya, ba da daɗewa ba makarantu za su rufe ƙofa, yara su watse hutun ƙarshen zango na farko. Malaminmu ɗan ƙasa zai ɗaure kayansa ya nufi garinsu. Amma akwai wani malami da ba ya motsawa, don garinsu da nisa, hutun kuwa gajere ne. Shi ne malamin Ingilishi wanda ya baro ƙasarsa ya zo koya ma ƴaƴanmu. Sau da yawa a wannan lokaci ne danginsa ke yin tattaki su zo su yi bikin Kirsimeti da na sabuwar shekara tare da shi. Ra'ayina shi ne, waɗannan baƙi na gari ne gaba ɗaya, kuma yadda muka karɓe su yana cikin abin da ke sa malamin ya zauna ko ya tashi.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. Sa'ad da nake ɗalibi a wata kwalej a Maraɗi, muna da malamin Ingilishi mutumin Kumasi, can ƙasar Gana. Wata shekara, da hutun Disamba ya zo, mahaifiyarsa da ƙanwarsa suka taso ganinsa. Sun biyo ta Tamale, suka ƙetare iyaka a Paga, suka shiga Wagadugu, suka bi ta Fada Ngurma har Yamai. Daga nan kuma sauran tafiyar fiye da kilomita 600 ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙwanni. Suka iso a gajiye, ƙura ta yi masu fari fat. Shi kuwa malamin, wata biyu ke nan masu biyansa ba su ba shi albashi ba. Ɗaki ɗaya gare shi, katifa ɗaya, bargo ɗaya. Tsohuwar da ta saba da laimar kurmi ga ta cikin sanyin hunturu.

Mu ɗalibansa muka ga kunyar da ta rufe shi. Amma unguwa ba ta bar shi ba. Matar mai gidan da yake haya ta share ɗakin ɗiyarta ta sauke baƙin. Wata maƙwabciya ta aiko da bargo, wata da ƙwaryar fura. Mai unguwa ya taka da kansa ya zo gaisuwa, ya ce ma tsohuwar: "Sannu da hanya, Inna, ɗanki ɗanmu ne." Abin mamaki, sai ta amsa masa da Hausa, irin wadda ta koya a kasuwa wajen mutanen Zango na Kumasi. Ranar bikinsu ta dafa shinkafa ta rarraba ma maƙwabta, kamar yadda mu ma muke kai ma ɗanta nama ranar Layya. Da za ta koma ta ce masa ya zauna, ta ga yana cikin mutane. Ya ƙara shekara huɗu a garin.

A makarantar nan kuma akwai wani abokin aikinsa, shi ma baƙo. Matarsa ta zo a wani hutun, ta tarar da shi can bayan gari, ba mai leƙo shi, ba mai ce masa ina kwana. Bayan wata uku ya ajiye alli ya bi ta. Ƴan ajinsa suka shiga jarrabawar BEPC ba su ƙara ganin malamin Ingilishi ba. Wa ya yi hasara? Ƴaƴan talakawa, waɗanda iyayensu ba su da abin biyan mai koyarwa a gida.

Karɓar malaman Ingilishi daga waje ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Tun shekarar 1962, shekara biyu bayan samun ƴancin kai, ƙungiyar masu aikin sa-kai ta Amurka, wadda aka sani da Peace Corps, ta aiko mutanenta na farko, kuma koyar da Ingilishi suka zo yi. Ƙungiyar ta yi kusan shekara 50 tana aiki a Nijar, sai a watan Janairu na 2011 ta janye saboda matsalar tsaro. Bayan su akwai ƴan Gana da ƴan Nijeriya da suka riƙe alli a makarantunmu na gwamnati da na kuɗi. Da yawa daga cikin manyan ma'aikatanmu a hannun irin waɗannan baƙi suka fara jin wannan harshe.

Bukatar kuwa ƙaruwa ta yi. Kundin sake gina ƙasa da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Iyakarmu da Nijeriya ta kai wajen kilomita 1500, kuma ɗan kasuwar Maraɗi ko na Damagaram ya san cewa takardun Kano da Legas da Ingilishi ake rubuta su. Kafin makarantunmu na horon malamai su yaye isassun ƴan ƙasa, dole mu nemi taimakon baƙi. Wanda kake bukata kuwa, ba ka bari ya ji kunya a gaban uwarsa.

Mu tuna, baƙo ido gare shi da baki. Tsohuwar da ta koma Kumasi ta ba da labarinmu a gidan biki da gidan makoki, kuma labarinta ya fi kowace takardar neman ma'aikata shiga kunne. Labarin wulaƙanci ma haka yake yaɗuwa, kuma ya fi daɗewa. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busiya ta kori baƙi marasa takardu daga Gana, cikinsu har da ƴan Nijar masu yawa. A farkon 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi daga Nijeriya, ƴan Gana wajen miliyan ɗaya suka kama hanya. Har yau ana tuna waɗannan ranaku a gidajen da abin ya shafa. Ƙasar da ta san ɗacin korar ƴaƴanta ya kamata ta fi kowa sanin darajar baƙo.

To, me ya kamata a yi? Ga hukumomi da masu makarantun kuɗi, abu na farko shi ne a biya albashin Disamba kafin a rufe makaranta. Kuɗin da ya zo bayan baƙi sun tafi, ihu ne bayan hari. Na biyu, a sauƙaƙa takardu. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ƴan ƙasashen ƙungiyar damar shiga su zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Tun da Nijar ta fita daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025, iyalai da yawa ba su da tabbacin abin da za a tambaye su a kan iyaka, ga kuma rashin tsaro da ya wahalar da hanyar da tsohuwar nan ta biyo. Ya kyautu shugaban makaranta ya ba malaminsa takardar shaida mai hatimi, wadda ta ambaci sunan baƙin da kwanakin da za su yi, a kuma bayyana ma jama'a dokar da ake bi. Na uku, ƙungiyar iyayen yara ta tanadi masauki. Makarantu da yawa suna da ɗakin da ke kulle duk tsawon hutu; shara da tabarma da randar ruwa kawai yake bukata.

Na san wani zai ce: malamanmu ƴan kwantiragi ma suna jiran albashi, don me za a fifita baƙo? Maganarsa gaskiya ce, kuma biyan albashi a kan lokaci hakkin kowa ne, ɗan ƙasa da baƙo. Bambancin ɗaya ne. Ɗan ƙasa in ya rasa, akwai rumbun ubansa, akwai ƙanen uwa da zai ranta masa. Baƙo ba shi da kowa sai wanda ya buɗe masa ƙofa. Har ma ɗan ƙasar da aka tura daga Tawa zuwa Difa, shi ma baƙo ne a can, kuma abin da na roƙa ma wancan na roƙa masa.

Dangin malami su ma akwai magana a kansu. Wasu suna zato duk wanda ya ƙetare iyaka ya yi arziki, sai su zo su biyar ko shida babu sanarwa, kowa da jerin bukatunsa, su tafi su bar shi da bashin da zai biya har damina. Malami albashi yake ci, ba fatauci yake yi ba. Mai zuwa ziyara ya aiko saƙo tun da wuri, ya zo da guzurinsa, ya san ranar komawarsa. Wannan gargaɗi ya shafe mu mu ma, masu ƴaƴa da ƙanne da ke aiki a ƙasashen mutane.

Saboda haka, ɗan uwa mai karatu, in akwai baƙon malami a unguwarku, tambaye shi tun yanzu ko yana sa ran baƙi. In sun iso, ka je ka yi masu barka da zuwa, ka tura yaro da tulun ruwa, uwargida ta aika da akushi. Ba sai ka iya Ingilishi ba. Sannu da zuwa kowa yana gane ta. Hausawa sun ce baƙonka annabinka. Allah ya kai matafiya lafiya, ya maido mana da malamanmu aji ranar komawa.