Rumbunmu a gidan wani?

Jama'a, kwanakin nan wasu masana sun ishe mu da zance guda: wai zamanin ajiye aiki cikin ordinater ya wuce, a tura komai can cikin "girgije". Mu dai a gidan rediyo mun ji, amma ba mu yarda ba.

Girgijen nan ba a sama yake ba. Manyan injuna ne na wani kamfani, jibge cikin wani gini a Turai ko Amurka. Kuma gardamar tsohuwa ce. A shekarun 1970 babban inji guda ne ke aiki, kowa ya zauna gaban allonsa yana jira. Da IBM ta fito da ƙaramar na'urarta ta kan tebur a 1981, sai kowa ya riƙe nasa. Yanzu an sake juyowa an ba abin sabon suna.

To wane magidanci ne ke kai hatsinsa duka rumbun wani gari, alhali ya san hanya na yankewa da damina? Ran 14 ga Maris 2024 igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku sunka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, rezo ya raunana a ƙasashe da dama. A Agustan 2023, da Nijeriya ta katse muna kuran, kowa ya san halin da anka shiga. Ranar da rezo ya ɗauke muna ana saura minti goma labarai, muryoyin da ke cikin injinmu su munka watsa. Waɗanda munka bari can sama, sai gobe.

Ba mu ce na kan tebur ba shi da ciwo ba. Ƙura da zafi na kashe shi, kile guda mai ƙwayar cuta ta isa ta ɓata aikin shekara. A ajiye kwafi can nesa, wannan hankali ne. Kwafi munka ce, ba asali ba.

Abin haushin ma, shi kansa injin gabanka ana janye shi daga hannunka. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa ba ta hawa galibin tsofaffin injuna, ga shi tana neman intanet da asusun kamfanin tun wajen girkawa. Mu kuma okaziyon muke saye. Lakwal da mairi da mai buga takardu bakin kasuwa, duk su zubar da injin da ke aiki lafiya lau?

Jandarmomin Faransa, da kuɗinsu da komai, sun mai da dubban injunansu kan Linux, wadda kyauta ce kuma tana tafiya a tsohon inji. Masu gyaran ordinater na Maraɗi da Damagaram, ku koyi girka ta. Mu za mu fara gwadawa da tsohon injin ɗakin labarai, mu faɗa muku yadda ta kaya.