Gidan Rediyo Da Muryarsa Ake Saninsa

Ya ku 'yan makaranta, yau wata ƙara muka kawo gabanku, ku ne alƙalai. Ran nan da dare muka zauna muna murɗa akwatin rediyo daga wannan tasha zuwa waccan, har tasha biyar. Da ba don lambar da ke jikin akwatin ba, da ba mu san mun bar gidan farko ba. Kiɗa iri ɗaya, ihu iri ɗaya. Mai gabatarwa ya sa waƙa, kafin mawaƙi ya kai ƙarshen baiti ya danne shi da surutu, yana ta gaida wani attajiri. Waƙa ta ƙare, ko sunan mai ita ba a faɗa mana ba.

To, bari mu koma baya kaɗan. Sa'ad da aka kawo rediyon waya Kano cikin 1944, akwati ne da aka ja masa waya, abin da aka zubo shi za ka ji, babu zaɓi. Cikin 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo a Kaduna. Me ya sa mutane suka riƙe gidan nan tamkar nasu, har a ƙasar Nijar da Kamaru? Ƙarfin na'ura ya kai murya nesa, amma abin da ke cikin muryar shi ya zaunar da mutane. Kadan ka ji kalangun Mamman Shata, ko kotson Musa Ɗanƙwairo, ko kuntigin Ɗan Maraya Jos, sa'an nan ka ji murya mai natsuwa tana karanta katin Zaɓi Sonka, ka san inda kake. Ko makaho ya ji tambari ya san fada ce. Mai gabatarwa shi ne maigida, kiɗan da ya zaɓa shi ne tuwon gidan, baƙo kuwa inda ya ci ya ƙoshi nan yake komawa.

Cikin 1992 aka yi dokar da ta ba 'yan kasuwa izinin buɗe gidajen rediyo a Nijeriya, muka yi murna, muka ce kowane gida zai zo da kalarsa. Waɗansu sun yi haka, Allah ya saka musu. Amma da yawa sai suka shiga kwaikwayon juna, har tashoshi suka yi yawa, abin ji ya yi kaɗan.

Mun san abin da za su ce. Za su ce abin da jama'a ke so ke nan. Ƙaƙa mutum zai so abin da ba a taɓa jiyar da shi ba? Yaron da kullum kunu ake ba shi, ba ya ce fura ba daɗi. Za su ce kuma mu tsofaffin kai ne, muna ƙin waƙar zamani. Ko kusa. Shata ma a zamaninsa sabo ne. Abin da muke ƙi shi ne a sa waƙa don mai ita ya miƙa goro a ɓoye, sa'an nan a ce mana ita ce ke tashe.

Wannan cuta ba a kanmu aka fara ta ba. A Amurka an yi wani mai gabatarwa, Alan Freed, wanda muryarsa ta jawo samari dubbai zuwa ga sabon kiɗa. Cikin 1959 aka sallame shi daga aiki kan zargin karɓar kuɗi daga masu faifai, cikin 1960 kuwa majalisar ƙasar ta ƙarfafa doka, ta ce kadan an biya don a sa waƙa, wajibi ne a sanar da masu saurare. Kun ga ashe amana ita ce jarin mai gabatarwa. Ran da ya sayar da ita, ya sayar da gidan duka.

Masu gidaje kuma da laifinsu. Wanda ya ɗauki ma'aikaci ya hana shi albashin kirki, shi ya aike shi roƙo.

Saboda haka ga aikin da muka ba ku. Ku ɗauki littafi da fensir, ku saurari tasha guda har kwana bakwai. Ku rubuta waƙoƙin da aka sa, da sau nawa aka maimaita kowace, da ko an faɗi sunan mawaƙi, da ko an bar ta ta kai ƙarshe. Sa'an nan ku rubuta wa shugaban gidan takarda cikin ladabi, ku yabi wanda ya kyauta, ku faɗi inda aka gaza. Gobe cikinku ne za a sami masu zama gaban abin magana. Ku koyi sauraro tun yanzu, domin wanda bai iya ji ba, ba shi iya faɗi.

Allah ya ba mu kunnen basira, amin.