Jan Fenti a Bango Ba Shawara Ba Ce

A watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, motocin rusau suka dira a kan shagunan Filin Idi na Kano. Masu tafi suka ce ai gwamnatin Ganduje ce ta yanka filin al'umma ta sayar. Ni ma ban yarda da cefanar da filin Idi ba. Amma ɗan kasuwar da ya biya kuɗinsa, ya karɓi takarda daga hukuma, mene ne laifinsa? Da za a yanka filin ba a tambayi Kanawa ba, da za a rushe ma haka. Babbar Kotun Tarayya ta yanke diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Daga aljihun wa? Daga baitulmali, wato kuɗin talakan da ba a nemi ra'ayinsa ba tun farko.

Tushen ciwon yana cikin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, wai amana. Ta ba shi ikon soke takardar mallaka da sunan maslahar jama'a, kuma diyyar da ta tanada ta gini ce da shuka, ba ta ƙasar kanta ba. Gonar da ka gada kaka da kakanni sai a ƙirga maka itatuwan mangwaro da kunyoyin gero, a ce ka sa hannu.

Mun san inda wannan ke kaiwa. A Afrilun 1980 manoman Bakalori, kusa da Talatar Mafara, suka tare hanyoyi suna neman haƙƙin gonakin da aikin madatsar ruwa ya cinye. 'Yan sanda aka aika musu, aka kashe mutane da dama.

Za a ce idan aka tsaya jin ta bakin kowa, ba titin da zai shimfiɗu. Ban ce kada a yi titi ba. Wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson Kantin Kwari ba zai faɗi haka ba. Cewa na yi a kai taswirar ƙofar gidan mai unguwa tun kafin a ba da kwangila, a karanta ta da Hausa, a saurari mai gida da ɗan haya da matan da ke sana'a a cikin gidajen nan. A biya diyya daidai da farashin yau, kuɗin su shiga hannu kafin katafila ta iso.