Sharhi: Yadda zangon ƙarshe na Succession ya hango rikicin gadon gidan Murdoch

A ranar 8 ga watan Satumban 2025 ne iyalan Rupert Murdoch, attajirin da ke da tashar Fox News ta Amurka da jaridun Wall Street Journal da The Times da The Sun, suka sanar da kawo ƙarshen shari'ar gado da suka shafe kusan shekara biyu suna fafatawa a kanta, alhali mai dukiyar yana nan da ransa. Uku daga cikin 'ya'yansa, Prudence da Elisabeth da James, sun yarda su karɓi kimanin dala biliyan 1.1 kowannensu, wato sama da biliyan 600 na kuɗin CFA, su tsame hannunsu daga kamfanonin gidan. Ragama ta koma hannun ɗan'uwansu Lachlan shi kaɗai.

Waɗanda suka kalli shirin talabijin mai dogon zango na Succession ba su sha mamaki ba, domin zangonsa na huɗu, wanda shi ne na ƙarshe, ya riga ya nuna irin wannan dambarwa tun 2023. Abin da shirin da shari'ar suka yi tarayya a kai shi ne, a gidan da ya mallaki kafafen yaɗa labarai, faɗan gado faɗa ne na wanda zai riƙe ƙuri'a, kuma sakamakonsa yana shiga har ɗakin mai kallo.

Abin da ya faru a shirin

Tashar HBO ta Amurka ce ta nuna zangon a daren kowace Lahadi, daga 26 ga Maris zuwa 28 ga Mayun 2023, kashi goma. Marubucin Ingila Jesse Armstrong ne ya ƙirƙiri labarin, wanda ma'anar sunansa ita ce gadon kujera. Ya ginu ne a kan Logan Roy, tsoho mai kamfanin Waystar Royco da tashar labarai ta ATN, da 'ya'yansa huɗu: Connor da Kendall da Roman da Shiv. Zango uku aka yi uban yana yi wa kowannensu romon baka, yau ya ɗaga wannan gobe ya kayar da shi, bai taɓa tsayar da magaji ba.

A kashi na uku na zangon ƙarshe, Logan ya mutu a cikin jirgin sama a ranar bikin auren babban ɗansa. Daga baya aka tsinci wata takarda a akwatin ajiyarsa ɗauke da sunan Kendall, da wani layi da aka ja wanda aka kasa tantance ko jaddada sunan aka yi ko soke shi. A ƙarshe majalisar daraktocin kamfanin ta kaɗa ƙuri'a kan ko a sayar da shi ga wani attajirin fasaha ɗan Suwidin, Lukas Matsson. Aka yi kunnen doki shida da shida, sai Shiv ta juya wa yayanta baya ta zaɓi a sayar. Kujerar da aka yi ta zubar da mutunci a kanta ta faɗa hannun suruki, Tom Wambsgans, mijin Shiv, wanda sabon mai kamfani ya ɗauko saboda ba ya musu. 'Ya'yan sun tashi da kuɗi masu yawa, amma gidan ya fita daga hannunsu.

Abin da ya faru a zahiri

Matsalar Murdoch, wanda aka haifa a 1931 a Ostireliya, ta samo asali ne daga 1999, lokacin da ya rabu da matarsa ta biyu, Anna. A yarjejeniyar rabuwar aka kafa asusun amana na iyali wanda ba a warware shi cikin sauƙi, da sharaɗin cewa idan ya mutu manyan 'ya'yansa huɗu za su sami ƙuri'a daidai wa daida. Kafin sasantawar 2025, asusun yana riƙe da kimanin kashi 40 cikin 100 na hannayen jari masu ƙuri'a a kamfanonin Fox da News Corp. Ma'ana, uku na iya haɗa kai su rinjayi ɗaya.

Nan ne siyasa ta shigo. Lachlan yana kan aƙidar ubansa ta 'yan mazan jiya, ita ce kuma ta sa Fox News ta zama muryar magoya bayan jam'iyyar Republican. James kuwa ya ajiye muƙaminsa a majalisar daraktocin News Corp a Yulin 2020, yana mai cewa bai gamsu da wasu abubuwan da kafafen kamfanin ke wallafawa ba. Bayan Rupert ya sauka daga shugabanci ya miƙa wa Lachlan a ƙarshen 2023, sai ya nemi a gyara asusun yadda sauran ba za su iya tsige shi ba. Ukun suka ƙi, aka tafi kotu a birnin Reno na jihar Nevada, aka yi zaman sirri a Satumban 2024. A watan Disamba jami'in kotun da ya saurari ƙarar, Edmund Gorman, ya yi watsi da buƙatar, ya ce uban da ɗan ba su yi abin da zuciya ɗaya ba.

Jaridar New York Times, wadda ta ga takardun shari'ar, ta ruwaito cewa kashin da Logan Roy ya mutu a cikinsa ne ya sa 'ya'yan Murdoch suka fara tattauna yadda za su fuskanci ranar mutuwar nasu uban, har wakilin Elisabeth ya rubuta takardar shawara don kada su faɗa ruɗanin da suka gani a talabijin. Abin da kotu ta hana, kuɗi ne suka saya daga baya: sabon asusun da aka kafa a 2025 ya bar wa Lachlan iko har zuwa 2050, tare da ƙannensa Grace da Chloe a matsayin masu cin moriya.

Inda abin ya wuce rikicin cikin gida

Kashi na takwas na zangon shi ne ya fi nuna abin da ke cikin hatsari. A daren zaɓen shugaban ƙasa, bayan gobara ta cinye ƙuri'u a birnin Milwaukee, 'ya'yan Logan suka sa ATN ta ayyana ɗan takara mai tsattsauran ra'ayi a matsayin wanda ya ci, don kawai ya yi alƙawarin taimaka musu su hana cinikin kamfanin. Makonni kaɗan kafin a nuna wannan kashi, a Afrilun 2023, Fox ta biya kamfanin na'urorin zaɓe na Dominion dala miliyan 787.5 don kashe ƙarar ɓata suna kan ƙarairayin da aka yaɗa a tashar game da zaɓen 2020. Shi ya sa masu sharhi suka ɗauki nasarar Lachlan a matsayin labarin siyasa: ta tabbatar da cewa Fox News ba za ta sauya alƙibla ba bayan mutuwar Rupert.

Mai kallo a Yamai ko Garwa ko Kumasi na iya cewa wannan rigimar Turawa ce. Sai dai a watan da gidan Murdoch ya sasanta, wato Satumban 2025, kamfanin Canal+ na Faransa ya karɓe ikon MultiChoice na Afirka ta Kudu, mai DStv da GOtv. Babban mai hannun jari a Canal+ shi ne gidan Vincent Bolloré, sunan da mutanen Nijar suka sani ta layin dogon Yamai zuwa Dosso, mutanen Kamaru kuma ta Camrail. Shi ma Bolloré ya raba wa 'ya'yansa kujeru: Cyrille na jagorantar kamfanin iyali, Yannick na shugabantar majalisar sa ido ta Canal+. Yanzu akwatin talabijin na mai jin Faransanci a Nijar da Chadi da na mai jin Turanci a Ghana da Najeriya sun koma ƙarƙashin inuwa ɗaya. Wace tasha za a saka a jeri, wace za a cire, nawa za a biya a wata, duk shawarwari ne da kamfani guda zai yanke, kuma gida guda ne ke da babbar murya a cikinsa.

Doka na raba dukiya, ba ta naɗa shugaba

A Amurka, uba na iya hana ɗansa gado idan ya ga dama. A shari'ar Musulunci rabon kowa a ƙayyade yake, wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yin ta ga magaji. Dokar Faransa ma ta keɓe wa 'ya'ya kason da uba ba zai taɓa ba. Amma babu ɗaya daga cikin waɗannan dokoki da ta faɗi wanda zai zauna a kan kujerar kasuwanci washegarin sadakar bakwai. Wannan giɓi ne ya cinye gidan Roy a fim, shi ne ya ci wa gidan Murdoch dala biliyan 3.3 a zahiri, kuma shi ne kan sa a ga gidan fatake ko na masu motocin haya ya watse da zarar an raba shaguna da motoci, kowa ya kama gabansa.

Bambancin gidajen biyu shi ne lokaci. Logan Roy ya ƙi yanke hukunci har mutuwa ta yanke masa. Murdoch ya yanke nasa yana da shekara 94, bayan ya kai 'ya'yansa gaban alƙali, kamfanin ya tsira amma zumunci ya tafi. Abin da ya rage a gani shi ne yadda Lachlan zai yi da ikon da babu ɗan'uwan da zai iya taka masa birki a kai, da kuma yadda hukumomin sadarwa na ƙasashen Afirka za su yi da kamfanin da ya haɗa masu kallon ɓangarorin biyu a hannu ɗaya.