Ba Kowace Farauta Ake Kai Yaro Ba

Da zarar an gama kai amfanin gona gida, ciyawa kuma ta bushe, sai a fara jin gangar farauta a ƙauyukanmu. Tun daga hunturu har zuwa bazara maza sukan ɗunguma daji da karnuka da gora da bindigar adaka, ana neman barewa da gada da zomo. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau shi ne ƙananan yaran da ake gani cikin ayarin, 'yan shekara shida zuwa goma, uba ya jawo su wai a koya musu zama maza. Ra'ayin wannan shafi shi ne a bar su a gida.

Ba farauta muke zargi ba. Sana'a ce ta iyaye da kakanni, ta kuma ciyar da gidaje da yawa. Maimaitawar Shari'a sura 14 ta lissafa barewa cikin dabbobin da aka halatta ci, Ishaku ma yana son naman da Isuwa yake kawo masa daga jeji.

Amma, ya ku iyaye, ku dubi yadda farautar taro take. Akan sa wa daji wuta ta gefe guda, maharba su kewaye ta ɗaya gefen. Ga hayaƙi, ga hazo, ga ihu da haushin karnuka. Yaro ɗan shekara bakwai in ya sunkuya cikin ciyawa, tsayinsa bai wuce na barewa ba, maharbin da ya wuni da ƙishirwa kuwa motsi kawai yake jira. Ita adaka ba ta da tabbas. Da hannu ake ɗura mata albarushi da guntayen ƙarfe, in ta tashi sai su warwatsu, in ɗurin ya yi yawa takan fashe a hannun mai ita. In iska ta juya da wuta, babba ya san inda zai bi, yaro kuwa sai ya ruga inda ƙafa ta kai shi. Uban da ya hango nama, a wannan minti ɗin idonsa ba ya kan ɗansa, ko da ya yi alkawari wa uwar yaron kafin su fito.

Wasu sukan kawo mana misalin Dawuda, cewa tun yana saurayi ya kashe zaki. Gaskiya ne, amma kiwon tumakin ubansa yake yi, zakin ne ya zo ya same shi. Kuma a 1 Sama'ila sura 17 ɗin nan da suke ambata, da Saul ya sa masa kayan yaƙi sai ya tuɓe su don bai saba da su ba. Ya ɗauki majajjawar da hannunsa ya sani. Hukuma ma haka ta gani: dokar bindigogi ta 1959 ba ta yarda a ba wanda bai kai shekara 17 lasisin riƙe bindiga ba.

Akwai kuma abin da yaro yake kwasowa da ido. Sau da yawa rigima kan tashi a kan wanda karensa ya fara kama nama, har a zare gora da wuƙa. Ga layu da maganin tauri da ake ɗaurawa a fili, abin da muke fama da shi a ajin baftisma.

Uban da yake son ɗansa ya gaji sana'ar, ya bi da shi sannu. Su fita su biyu da safe, ba bindiga, ba wuta. Ya nuna masa sawun gada da na barewa, da yadda ake lura da iska, ya kuma koya masa cewa ba a harbin mai ciki ko mai shayarwa. Wannan yana da tushe a Maimaitawar Shari'a sura 22, inda aka hana kama uwar tsuntsu tare da 'ya'yanta. Barewa ta riga ta yi wuyar gani a wurare da dama da dattawanmu suka san ta.

Muna roƙon fastoci da dattawan ikilisiya su yi wannan sanarwa ran Lahadi kafin a buga gangar bana, su kuma je su gana da Sarkin Baka na garinsu, gama shi ne maharba suke jin maganarsa. Ikilisiyar da take da hali ta haɗa kuɗin mota ta kai yaran makarantar Lahadi Yankari a Jihar Bauchi, wadda aka buɗe wa masu ziyara tun 1962, su ga gwanki da ɓauna da giwa suna yawo da ransu.